Wa za a yi wa kurciya?

Malama ta Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Yau ba cigiya na kawo ba, shawara nake nema. Hedimastanmu ya ce kafin 21 ga Satumba, ranar zaman lafiya ta duniya, kowane aji zai kawo zane a manna a bangon makaranta. 'Yan aji biyar ne a hannuna, ni kuwa ban fi wata uku da fara koyon zane ba, shi ma sai dare in na gama duba littattafan yara nake ɗan taɓawa. Na ce wa yaran kowa ya je gida ya zano zaman lafiya. Washegari kamar sun haɗa baki: farin tsuntsu da ganye a baki, tun daga bencin gaba har na baya. Na wani ya fi kama da zabuwa, na wata kuwa agwagwa ce sak. Duk daga wayar iyayensu suka kwafa. Ban ga laifinsu ba, don ni ma da na zauna yin nawa, tsuntsun dai na ɗauko. Ina cikin gyara masa fiffike kakata ta leƙo ta ce mene ne wannan, na ce kurciya ce, alamar zaman lafiya. Sai ta riƙe haɓa ta ce, "A'uzu billahi! Wa za a yi wa kurciya?" Nan take jikina ya yi sanyi, na ajiye fensir. Don Allah masu zane da masu ilimi, abin da ba shi da kai ba shi da ƙafa, ido bai taɓa ganinsa ba, ta ina ake fara zana shi?

Ɗan Nima:
Wa alaikumus salam. Kaka ta rufe muhawarar tun ba a buɗe ba! A gaishe ta, a ce jikanta na Accra yana neman albarka.

Bakano mai shago a Alabar:
Malama, kakarki ta yi gaskiya, kuma na lura yaranmu na Zongo da yawa ba su san wannan ba. A wurin Bahaushe in aka ce an yi wa mutum kurciya, asiri ne na raba shi da gida. Zai ji zama ya gagare shi, ya bar mata da yara ya shiga duniya, yau yana nan gobe yana can. To kin ga tsuntsun da Bature ke cewa "a zauna lafiya" da shi, shi ne mu muke cewa "tashi ka bar gari" da shi. In kika manna wannan a bango, tsofaffi za su wuce suna tofa addu'a.

Ɗalibin zane na KNUST:
Yaya Malama, bari in ɗan ba da asalin abin. Kurciya da reshen zaitun daga labarin Annabi Nuhu ne yadda ya zo a Littafin Farawa na Kiristoci da Yahudawa: ya saki tsuntsuwar, ta dawo da ɗanyen ganye, ya gane ruwa ya janye. Amma abin da ya yaɗa ta a duniya shi ne zanen Picasso, shahararren mai zanen nan, da aka buga a takardar sanarwar taron zaman lafiya na Faris a 1949. Ita kuma da'irar nan mai kama da sawun kaza, wani Bature ɗan Ingila mai suna Gerald Holtom ya ƙirƙiro ta a 1958 don masu zanga-zangar ƙin makamin nukiliya. Haruffa biyu ne, N da D, yadda masu jirgin ruwa ke nuna su da tutoci. Wato kowace alama yarjejeniya ce, wanda ba ya wurin da aka ƙulla ta ba zai karanta ta ba. Mu da ke Kumasi me zai kai mu Faris? Ga Ntonso nan a hanyar Mampong, inda ake buga Adinkra, wato alamomin gargajiya na Asante, a jikin yadi da hatimin ƙwarya. Akwai Bi Nka Bi, ma'ana kada wani ya ciji wani. Akwai Mpatapo, ƙullin sulhu. Akwai kada biyu masu ciki ɗaya da suke faɗa a kan abinci. Ki koya wa yara waɗannan, aiki ya ƙare.

Malam na Asawase:
Assalamu alaikum. Gyara kaɗan don kada yara su ɗauka a Alƙur'ani yake. Abin da ya zo a suratu Hud shi ne jirgin ya daidaita a kan dutsen Judiyyu, ba a ambaci kurciya ba. Zaitun kam yana nan, Allah ya yi rantsuwa da shi a suratut Tin, ya kira shi itaciya mai albarka a suratun Nur. Sai kuma abin da ba wanda ya taɓo: makarantar Islamiyya ce, kuma zanen abu mai rai akwai hadisai masu nauyi a kansa. Malamai sun yi saɓani kan abin da ba shi da inuwa da wanda ake yi don koyar da yara, ban zo in yanke hukunci a waya ba. Amma 'yata, tun da akwai hanyar da babu saɓani, me ya sa ba za ki bi ta ba? Mu da muka yi karatun allo mun san zayyana. Ranar sauka malami yakan ƙawata allo da ja da rawaya da kore, babu fuska ko ɗaya a ciki, amma duk wanda ya gani ya san ranar farin ciki ce.

Malama ta Aboabo:
Na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ƙanena na jami'ar KNUST, na duba Bi Nka Bi ɗin. Yana da kyau, sai dai ina jin tsoron canjin tsuntsu ne kawai. Jiya sun kwafi na Faris, gobe su kwafi na Ntonso, ba wanda ya yi tunani a cikinsu.

Mai Fenti na Suame:
Yawwa Malama, yanzu kika zo wurin. Ni ban je jami'a ba, amma shekaruna talatin da ɗoriya ina rubutu a bayan trotro, motocin haya, da allon masu aski. Abin da ba a gani ba a zana shi, sawunsa ake zanawa. In direba ya ce in zana masa iska, ai tufafi nake yi a kan igiya sun karkata gefe ɗaya. In mai koko ta ce a nuna kokonta da zafi, tururi nake ɗorawa. To zaman lafiya ma nemo sawunsa za ki yi. Amma don Allah ki raba yara da hannu biyu suna musafaha. Na farko, babu abin da ya kai hannu wuyar zane, za su kawo miki ayaba goma a ɗaure. Na biyu, duk shekarar zaɓe nakan yi wannan hannun har in gaji, kuma waɗanda suka biya ni in yi shi su ne ke aika yara da duwatsu da dare.

Ɗan Nima:
Ayaba goma a ɗaure! Oga Mai Fenti Allah ya bar mu da kai.

Ɗalibin zane na KNUST:
A ka'idar zane ma akwai hanya. Layi a kwance yana kwantar da ido, layi a karkace yana tayar da shi. Shi ya sa hoton teku ko fili yake sa nutsuwa, hoton yaƙi kuwa duk masu ne da takubba a gicciye. Ki sa layin ƙasa can ƙasa-ƙasa, ki bar sarari da yawa a sama, launi shuɗi da fari, babu mutum babu hayaniya. Titi fayau da asuba, misali.

'Yar Bawku:
Ɗan'uwa tsaya nan. Titi fayau babu kowa? Wannan hoton na girma a cikinsa, sunansa dokar hana fita. Magariba ba ta yi ba kowa ya shige, ƙofa a kulle, an kashe rediyo don a ji abin da ke tafiya a waje, ko kare ya yi haushi sai gabanka ya faɗi. In ka zana mini titi shiru da sarari mai yawa, ni gumi zan fara. A garinmu ranar da aka samu lafiya ita ce ranar da kasuwa ta cika har ana taka ƙafar juna, masu albasa suna ciniki da ƙarfi, babura suna ta hon. Maƙabarta ma ai shiru gare ta.

Ɗalibin zane na KNUST:
Yaya, ni maganar tsarin hoto nake yi, ba siyasa ba.

'Yar Bawku:
Ni ma hoton nake nufi. Wa zai kalle shi? Ba mutane ba?

Bakano mai shago a Alabar:
Ina ganin matsalar tun daga kalma take. Turanci kalma ɗaya ya ba hedimasta, mu kuwa muna da su da yawa. Kwanciyar hankali ta cikin zuciya ce. Sulhu sai an yi faɗa tukuna. Lumana ita ce bin abu a hankali ba tashin hankali. Aminci da salama su ne muke yi wa juna addu'a da su. Zaman lafiya kuwa a cikinsa akwai "zama", kuma Hausawa sun ce zo mu zauna zo mu saɓa. Ɗalibi kwanciyar hankali yake zanawa, 'Yar Bawku zaman lafiya take nufi. Kowa da gaskiyarsa.

Ɗalibin zane na KNUST:
Alhaji wannan karin maganar akwai ɗan'uwanta a Adinkra, Ese Ne Tekrema, haƙori da harshe. Suna cizon juna amma baki ɗaya suke kwana.

Bakano mai shago a Alabar:
Mu ma muna cewa tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Ashe ba mu kaɗai ke cije harshe ba.

Hajiya mai waakye:
Salamu alaikum. 'Yata ce ke rubuta mini, ni ina faɗa. Ban san zane ba, amma Malama ki zo teburina na waakye, wato shinkafa da wake, da azahar ki gani. In an kira salla nakan rufe tukunya, in ɗora faranti a kan kwanon kuɗi, in ce wa maƙwabciyata mai sayar da kenke ta duba mini. Ita Asante ce, 'yar coci, shekara goma sha muna jere. Ran Lahadi ni ke duba mata. Wani lokaci ma ita ta tafi kai saƙo ni na tafi salla, tebur biyu babu kowa, mai saye ya zo ya zauna a benci yana jira. Ban taɓa dawowa na ƙirga kuɗin ba. Ranar da na fara ƙirgawa, to a ranar wani abu ya lalace a unguwa. In za ki iya zana kwanon kuɗi da faranti a kai babu mai gadi, ki zana.

Malama ta Aboabo:
Mma, wallahi tsigar jikina ta tashi. Gobe in sha Allah ina nan tafe da takardata, a ajiye mini na sidi goma da ƙwai.

Ɗalibin zane na KNUST:
Abin da Hajiya ta faɗa shi ne ainihin abin da wani mai zane, Lorenzetti, ya yi a zauren majalisar birnin Siena a Italiya, tsakanin 1338 da 1339. Ya zana zaman lafiya a siffar mace mai farar riga ta kishingiɗa a kan matashi, kayan yaƙi a ƙarƙashinta. Amma bangon da mutane suka fi tsayawa kallo shi ne na gefe, inda ya nuna abin da ke biyo baya: magina a kan rufi, mai ɗinkin takalma a shagonsa, malami da ɗalibai, masu rawa a titi, manoma suna shigowa da kaya ƙofar gari a buɗe.

Mai Fenti na Suame:
Ɗana, wato sai da Bature na shekara ɗari bakwai ya sa hannu kafin ka yarda da Hajiya?

Ɗalibin zane na KNUST:
Haba Baba, ƙarfafa maganarta na yi.

Mai Fenti na Suame:
Maganarta da ƙafarta take tsaye. Amma na ji daɗin kayan yaƙin da ka ce suna ƙarƙashin matashi. Nan ne aikin yake. Tebur kawai tebur ne. Abin da ya sa na Hajiya ya zama hoto shi ne kowa ya san kuɗi ne a kwanon, kuma ana iya ɗauka. Dole mai kallo ya hangi abin da zai iya faruwa bai faru ba. Malama, ki ɗan zame farantin, kan takardar sidi ɗaya ya leƙo.

Baba tsohon direba:
Salamu alaikum yara. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ina yaro a 1969 gwamnatin Busia ta ba da doka, duk baƙon da ba shi da takarda ya bar Gana cikin mako biyu. Ku da aka haifa bayan haka ba za ku gane yadda Zongo ta zama ba. Mutum an haife shi a nan, an haifi ubansa a nan, ya sayar da gadonsa da keken ɗinkinsa a kuɗin goro ya hau babbar mota. Maƙwabtanmu Yarabawa da Hausawa da yawa haka suka tafi, wasu ba mu ƙara jin labarinsu ba. Mu Allah ya sa muka tsaya. Amma mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta ɗaure kaya a zane guda: tufafinmu, 'yan kwanoni, allon mahaifina, ta ajiye bayan ƙofa. Abu ya lafa, gwamnatin ma ta faɗi, ƙunshin nan yana nan. In tana shara sai ta ɗaga shi ta share ƙasan ta mayar. Mun girma muna tsallake shi. Ban san ranar ba, ban san abin da ta ji ba, wata safiya na fito na ga zanen a kan igiya an wanke shi, duk jikinsa sawun ɗauri, inda ƙullin yake launin bai koɗe ba, sauran ya yi fari. Kwanonin suna kan kanta. Ba ta ce komai ba, mu ma ba mu tambaya ba. A 1983 da Najeriya ta koro 'yan Gana na ɗauko mutane a motata da irin wannan kaya, na ce ashe ƙunshin yawo yake yi. In ni mai zane ne, zanen nan a kan igiya zan yi.

Malam na Asawase:
Allah ya jiƙan Mma, ya sa Aljanna makoma. Baba ka tuna mini da wani mayafi. Lokacin da Ƙuraishawa suka sake gina Ka'aba, shekara biyar kafin aike, suka kusa zub da jini kan wanda zai mayar da Hajarul Aswad. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shimfiɗa mayafi ya ɗora dutsen, ya ce kowace ƙabila ta kama gefe, suka ɗaga tare, shi ya sa shi a wurinsa da hannunsa. Ban ce a zana wannan ba, kada wani ya fahimce ni a karkace. Ina nuna cewa sau da yawa abin da ke ɗauke da sulhu kaya ne na gida da kowa ya sani.

Ɗan Nima:
Ni fa nawa hoton yana nan a waya tun 2019: Babban Limamin ƙasa Sheikh Osman Nuhu Sharubutu zaune a cocin Christ the King nan Accra ranar Ista, yana cika shekara ɗari. A buga shi babba a manna, a huta da fensir.

Malama ta Aboabo:
Zane aka ce Yaya, ba hoto ba. Kuma in yarana suka zana Babban Limami yadda suka zana kurciya, sai an kira ni Manhyia, fadar Sarkin Asante, in yi bayani.

Tela mai ɗinkin hannu:
Ina son in ce wani abu kan ƙulli, tunda an ambaci Mpatapo. Mu ma muna da dagi, wanda ake kira dagin Arewa, muna sa shi a riga da hula. Wanda bai taɓa zana shi ba yana ɗauka ado ne kawai. Ɗauki fensir ka gwada. Layin da ya hau kan ɗan'uwansa a nan, dole a mahaɗa ta gaba ya bi ta ƙasa. In ka bar layi ɗaya ya yi ta hawa sau biyu a jere, ƙullin ya warware, ido zai gani ko bai san dalili ba. Yaron da nake koya wa aiki sai da ya ɓata takarda ta fi ashirin kafin hannunsa ya yarda ya sunkuya. Ku dubi masarautar Dagbon a arewacin Gana. An kashe sarkinta, Ya-Na Yakubu Andani, a Yendi a 2002, sai a farkon 2019 aka naɗa sabo, bayan manyan sarakuna uku, Otumfuo na Asante da Nayiri na Mamprusi da Yagbonwura na Gonja, sun yi shekaru suna zama da gidajen sarautar biyu, gidan Abudu da gidan Andani. Kowane gida sai da aka bar shi ya yi jana'izar sarkinsa kafin a wuce gaba. Wannan ya hau, wancan ya hau. Don haka ban yarda a ce duk alama kwafe ce ba. In yaro ya zana dagi da hannunsa, ba ya manna ba, akwai abin da zai shiga kansa.

Mai Fenti na Suame:
Maigida Tela na karɓi wannan. Amma a bango, mai wucewa zai ce an zana tambarin 'yan Arewa ne, ba zai ga hawa da sauka ba.

Tela mai ɗinkin hannu:
To makaranta don mai wucewa aka gina ta ko don yaro?

Ɗalibin zane na KNUST:
Gaskiya in muka biye wa tsoron abin da malamai za su ce da abin da kaka za ta ce, ba za mu taɓa samun masu zane a Zongo ba. Kullum takalmi da kwano.

Malam na Asawase:
Ɗana, ban hana kowa ba, na ce akwai saɓani. Kuma wanda ya raina kwano bai ji yunwa ba ne. Ka iya bakinka a kan malamai.

Shugaban zaure:
Jama'a a yi haƙuri. Kada a ce an ba hammata iska a kan zanen zaman lafiya, 'yan sauran zauruka su yi mana dariya. Ɗalibi, ba Malam haƙuri.

Ɗalibin zane na KNUST:
Malam a gafarce ni, baki ne ya zarce.

Malam na Asawase:
Ya wuce. Allah ya yi maka albarka, ya sa ka fi Picasso ɗin.

Malama ta Aboabo:
Jama'a na dawo bayan kwana uku. Na je wurin Mma na zana teburin, amma kwanon ya fito kamar hular kwano, na ajiye shi sai hannuna ya ƙara nuna. Sai na gwada wani abu: takalma a ƙofar masallaci lokacin salla. Babu mai rai a ciki, Malam ya huta, kuma kowa ya bar abinsa a waje ya juya masa baya. Na tura hoton. Ƙanwata ta gani ta ce, "Yaya, shagon takalma ne a kasuwar Kejetia?" Ina na kuskure?

Ɗan Nima:
Kuskuren shi ne ba ki zana wanda ya tafi da sabon takalmina ranar Juma'a ba. Da silifas ɗin banɗaki na koma gida.

Mai Fenti na Suame:
Na ga hoton. Ƙanwarki ta yi gaskiya, kuma ga dalili. Kin jera su ƙafa biyu-biyu, duk girmansu ɗaya, duk suna kallonmu. Takalmin sayarwa ne ke kallon mai saye. Na masallaci ƙofa yake kallo, mu dugadugansa muke gani. Sannan naki sababbi ne. Ki je ki tsuguna ki duba na gaske: wani an take bayansa ya kwanta, wani dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya, silifas da sawun yatsu biyar ya zauna a jikinsa, na yaro ƙarami ya faɗa cikin na babansa. Ki sa mai tsada kusa da wanda aka ɗaure da waya. Na kusa da ke su fi girma, na bakin ƙofa su ƙanƙance, wasu su rufe wasu. Kuma duk naki suna shawagi kamar za su tashi, saboda ba ki ba su inuwa ba. Zaɓi gefe ɗaya da rana take, ki sa baƙi siriri a ƙarƙashin kowanne ta ɗaya gefen, mai duhu sosai inda ya taɓa ƙasa. Fensir mai laushi, 4B ko 6B, in babu ki ɗauko gawayi a murhu ki murza da yatsa. Buta ɗaya a gefe da jiƙaƙƙen wuri a siminti, an gama, ba mai ƙara cewa Kejetia. Kafin ki taɓa babbar takarda ki yi ƙanana kamar girman kwalin ashana guda shida, ki kanne ido ki ga wanne ne ke magana daga nesa. Ki kifar da guda ɗaya ma, don ya zama na gaske.

'Yar Bawku:
Yaya Malama ki kula da abu ɗaya. Kada ki warwatsa su da yawa. Takalma a watse, ɗaya nan ɗaya can suna kallon ko'ina, wannan wurin da aka gudu ne. Na taɓa ganin irinsa da safe. Su ɗan karkace ba laifi, amma duk su nufi ƙofa, a ga cewa da ƙafarsu suka shiga a natse.

Mai Fenti na Suame:
Wannan ban taɓa lura da shi ba, kuma gaskiya ne. Na ƙaru.

Malama ta Aboabo:
Alhamdu lillahi an manna jiya. Ga yadda aka yi. Na daina ce wa yara su zana zaman lafiya, na ce kowa ya tuna lokacin da ba ya jin tsoron komai, ya zana abin da ke gabansa a lokacin. Rabin aji dai tsuntsu suka sake kawowa, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma wata yarinya ta zana tukunya biyu a murhu ɗaya, na tambaye ta, ta ce ranar da mamanta da abokiyar zamanta suka yi girki tare. Wani ya zana ɗan sanda yana barci a kan benci, hula a fuska. Wani ya yi fanka kawai, ya ce daren da ba a ɗauke wuta ba. Uku sun yi dagi, ɗaya ya fito daidai, Baba Tela na ajiye maka shi. Hedimasta ya zagaya ya ce duk sun yi kyau, amma baƙi ba za su gane ba, a sa kurciya ɗaya a sama. Na ba shi agwagwar.

Nawa na takalma kuwa ban kai makaranta yadda yake ba. Na nuna wa kaka da dare, ta kawo shi kusa da fitila ta daɗe tana kallo, ta ce wannan masallaci ne, an tayar da salla. Har na fara murna. Sai ta ɗora yatsa ta ce, "Wannan na wane ne a kife? Ba a barin takalmi a kife, juya shi." Na ce Kaka zane ne. Ta ce ta sani, in juya shi. Sai da ta ga na goge na sake shi a daidai sannan ta je ta kwanta.

Mai Fenti na Suame:
Ni na ce a kifar, laifina ne, a ba Kaka haƙuri. Amma wurin da kika goge zai bar tabo, kada ki yi ta murza shi takarda ta huje. Ki kawo shi shago ran Asabar in ga inuwar, ki taho da na tebur ɗin ma mu gyara kwanon.